Ku Tambayi Mama: Ina ta addu'a amma har yau shiru

TAMBAYA: Salama Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni tela ce a Sabon Garin Zariya, ina da 'yan mata masu koyon ɗinki a hannuna, kwastomomina kuma akwai Musulmi akwai Kirista. Tun ranar da fastonmu yayi wa'azi akan yin bishara nake roƙon Ubangiji ya bani zarafi in gaya ma wani labarin Yesu amma har yau shiru, mutane su zo a auna su, su dawo su karɓi kayansu su tafi shikenan, kuma gaskiya Mama ina tsoro kar in faɗi abun da zai jawo rigima a layinmu. Ko dai addu'ar tawa ce ba daidai ba?
'Yarki daga Zariya

AMSA: Salama 'yata, sannu da aiki. Addu'arki daidai take, ita ce ma wadda manzo Bulus ya ce a riƙa yi masa. Ki buɗe Kolosiyawa 4:2-6 ki karanta a hankali. Yana kurkuku fa lokacin da ya rubuta, da nice ai ce zan yi a roƙa mini Allah a sake ni, amma shi cewa yayi a roƙa Allah ya buɗe musu ƙofa domin maganar Almasihu. Sai dai bai tsaya nan ba, kuma nan nake so ki dawo da hankalinki. Ya ƙara da cewa a roƙa masa ya iya faɗinta sarai, sannan ya juya kan mu ya ce mu yi zaman hikima da na waje, wato waɗanda ba masu bi ba, maganarmu ta zama mai daɗin ji kamar an sa mata gishiri, mu san yadda zamu amsa ma kowa. Kinga amsawa ya ce, wato wani ne zai fara tambaya.

Toh ke me kike jira ya faru a shagon? Ina zargin kina jiran wata ta shigo ta ce miki dan Allah yi mini wa'azi, wannan kam da wuya. Yawanci ba haka take zuwa ba. Kina riƙe da tef kina auna kafaɗar mace sai kiji ta ce a rage mata don ta rame, ɗanta na asibiti, ko yarinyar da ke miki aikin guga ta zauna tayi tagumi taƙi cin abinci, ko maƙwabciya ta ce ke dai ban taɓa jin kin zagi kwastoma ba ko a ruguntsumin ɗinkin Sallah, meye sirrin? Duk waɗannan ƙofofi ne. Ki ajiye almakashi ki saurara tukuna, in ta gama ki tambaye ta ko ta yarda ki sa ta cikin addu'a, in ta ce eh ki yi, kuma in ta dawo karɓar kaya ki tambayi jikin yaron da sunansa.

Maganar tsoro kuwa ban ga laifinki ba, duk wanda ke zaune a arewa ya san abun da kalma ɗaya ke iya jawowa. Ki faɗi abun da Yesu yayi miki, kar bakinki ya taɓa addinin kowa ko abun da yake girmamawa, ko da wasa, ko a WhatsApp. 1 Bitrus 3:15 ya ce mu zama a shirye mu ba da amsa game da begenmu amma da tawali'u da ladabi. In mutum ya ce baya son zancen ki bar shi, ki ci gaba da gaisuwa da ɗinki mai kyau. Kuma 'yan matan nan amana ce iyayensu suka baki, kar ki matsa ma kowa don tana ƙarƙashinki.

Batun jinkiri kuma, ai ke kusa da Wusasa kike, tsohon mazaunin 'yan mishan a Zariya. A 1900 'yan mishan Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller da abokan tafiyarsu sun isa Kano, Sarki Aliyu ya ce su bar garin. Miller ya zo ya zauna Zariya yana aikin magani yana fassara, sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Ki lissafa shekarun da kanki.

Abun da zan ce ki canza kaɗan ne. Daina cewa Ubangiji ka bani "wani", ki rubuta sunaye biyu ko uku a bayan littafin awonki ki riƙa kiransu kullum kafin ki hau keke, kuma kar ki manta da namu na gida da suka daina zuwa sujada, suna da yawa. Ki kai maganar wurin Zumuntar Mata na cocinku ki samu mace ɗaya mai riƙe sirri ku riƙa yi tare. Bayan Kirsimeti in aiki ya lafa ki sake rubuto mini inji yadda ake ciki.