Me ya sa maganin tsutsa ya daina yi wa tumakina aiki?

Tambaya: Ina kiwon tumaki da shanu, kuma duk wata nakan ɗura musu maganin tsutsar ciki gaba ɗaya, amma wasu tumakin sai ramewa suke yi, ƙasan haɓarsu yana kumbura. Ko maganin ne jabu?

Amsa: Ba lallai ne maganin ya zama jabu ba. Abin da na fi zargi shi ne ɗurin wata-watan nan da kake yi. Duk lokacin da aka ba garke gaba ɗaya magani iri guda, tsutsotsin da ba su da juriya ne ke mutuwa, 'yan tsirarun da suka jure kuma su hayayyafa, har a wayi gari su ne suka cika makiyaya. Wannan lamari yana damuna ƙwarai, domin rukunan magungunan da aka fi dogara da su uku ne kacal: dangin albendazole, da levamisole, da dangin ivermectin.

Alamomin da ka ambata sun yi kama da aikin Haemonchus contortus, tsutsar da ke shan jini a ciki na huɗu na dabba, wadda macenta kan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Saboda haka ka riƙa jan fatar ƙasan idon kowace tunkiya da babban yatsa, ka duba launin cikinta a hasken rana. Idan ja-wur ne, ka ƙyale ta. Idan ya koɗe ya yi fari, ita ce mai buƙatar magani. Wannan shi ne tsarin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, mai matakai daga 1 zuwa 5. Barin lafiyayyu ba sakaci ba ne, domin tsutsotsin cikinsu da har yanzu ke jin magani su ne ke cakuɗuwa da masu juriya, su hana su mamaye wurin.

Wadda za a ba maganin kuwa, a auna nauyinta, kada a yi kirdado, saboda ragaggen magani yana ƙara wa masu juriya yawa. A kai kashinta wurin likitan dabbobi kafin ɗuri, a sake kaiwa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ƙwan tsutsa da ke cikin kashin ba su ragu da kashi 95 cikin ɗari ba, maganin ya fara gazawa.

Shanunka ma taimako ne, tunda yawancin tsutsotsin tumaki ba sa bunƙasa a cikinsu, don haka a riƙa yin karɓa-karɓa a makiyaya. Manyan shanu ba kasafai suke buƙatar ɗuri ba, maruƙa ne abin lura. Kada a bari dabbobi su gwaguye ciyawa har ƙasa, domin 'ya'yan tsutsar sun fi taruwa a santimita 5 na gindinta. Sabuwar dabba kuma a killace ta, a yi mata magani, kafin ta shiga garke.