Tambaya da Amsa: Waƙar da ake rerawa a bakin kabari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a birnin Chemnitz na ƙasar Jamus. Kwanaki ya raka gawar wani tsoho maƙwabcinsa, sai ya ji an ɗauki wata waƙa, mutane suna ta share hawaye. Duk Jamusancin da ya koya bai tsinci komai a ciki ba, sunan mai waƙar kawai aka gaya masa, Anton Günther. Wane ne shi, kuma da wane yare ya yi ta? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki ce wa ƙanen naki kada ya ga laifin malamansa. Jamusanci ne, amma karin harshen mutanen duwatsun Erzgebirge ne, can kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, wanda ko Bajamushen Hamburg sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama zaren. Ina kyautata zaton waƙar da ya ji ita ce "Feierohmd" ta shekarar 1903. Kalmar tana nufin lokacin tashi daga aiki da yamma. Waƙar gajiyayyen ma'aikaci ce mai komawa gida, shi ya sa mutanen yankin suke raka mamatansu da ita.

An haifi Günther a 1876 a Gottesgab, wani ɗan gari mai tsananin sanyi da ke sama da mita 1,000 a kan dutse, lokacin yana ƙarƙashin daular Austiriya. A gida Toler-Hans-Tonl ake kiransa, wato Anton ɗan Hans mutumin Joachimsthal, kamar dai mu ce Tanko na Audu Bakatsine. Bari in ɗan yi ratse: a garin Joachimsthal ɗin nan aka riƙa buga kuɗin azurfa da ake kira "taler", daga nan sunan dalar Amurka ya samo asali, har da dalar da kakanninmu suka ƙirga.

Sana'ar da ya koya ita ce zane a kan dutsen ɗab'i, kuma ita ta kai shi birnin Prag, babban birnin ƙasar Cek a yau, a 1895. Can kewar gida ta kama shi. 'Yan yankinsu sukan taru su yi hira, shi kuma ya ɗauko jitarsa. A nan ya yi waƙarsa ta farko, wadda sunanta ke nufin gida dai gida ne. Kowa ya ji sai ya ce a rubuta masa. Da kwafin hannu ya ishe shi, sai ya zana baitocin a kan dutse, ya ƙawata su da hoto, ya buga a katin wasiƙa. A ganina wannan dabarar ce ta yi masa rana. Babu rediyo a lokacin, talakan dutse kuma ba mai sayen littafin waƙoƙi ba ne, amma kati yana da araha, kuma gidan waya ne ke yin dakonsa zuwa duk inda ɗan yankin ya tafi ci-rani.

Da mahaifinsa ya rasu a 1901 sai ya bar birni ya koma riƙon gida da 'yar gonarsu, yana waƙa a gidajen baƙi da taruka. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar Austiriya, ya dawo da rauni. A 1918 garinsu ya faɗa cikin sabuwar ƙasar Cekoslobakiya, shi mai Jamusanci ya wayi gari ɗan tsiraru a mahaifarsa. Ƙarshensa ba daɗin ji: ranar 29 ga Afrilu, 1937, ya kashe kansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 aka kori Jamusawan yankin, har da iyalinsa. Garin yanzu Boží Dar ake ce masa, kabarin Günther kuma yana nan, mutane suna tsallako iyaka su ziyarce shi. Daga Chemnitz tafiyar ba ta da nisa, in ƙanenki ya samu hutu. Ya dai tafi da rigar sanyi mai kauri.