Ku Tambayi Likita: Me ya sa karaya ke kaiwa ga yanke hannu?

Tambaya: Likita, waɗanne raunuka aka fi kawowa asibitocin karkara? Kuma me ya sa yaro zai karye a hannu kawai, ƙarshenta a yanke hannun? Daga wani mai karatu a Mangu.

Amsa: Malam, babur ne kan gaba. Goyon mutum uku, ga buhun dankali ranar kasuwa, babu mai hular kwano. Ƙwauri da kai ne ke shan wahala. Wanda ya bugu a ka yakan tashi yana magana garau, bayan sa'o'i sai amai da barci mai nauyi. Jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai. Kada a jira gari ya waye. Sai saran adda da lauje a gona, ƙunar wuta da tafasasshen ruwa ga ƙananan yara, cizon kububuwa a yankin Langtang, da ruftawar ramin kuza.

Tambayarka ta biyu ita ta fi damunmu. Lokacin mangwaro yara kan faɗo daga bishiya su dafa ƙasa da hannu, ƙashi ya karye dab da saman gwiwar hannu, daidai inda babbar jijiyar jini ta ratsa. Sai a kai wa mai ɗori, ya jera karare ya ɗaure tamau. Hannu na kumbura, ɗauri ba ya saki, jini ya daina wucewa. Cikin kamar sa'o'i 6 tsoka ta fara mutuwa. Kafin a iso Jos yatsu sun yi baƙi, suna wari, babu abin da ya rage sai yankewa. Ba karayar ce ta cinye hannun ba, ɗaurin ne.

Iyaye, ku duba yatsun. In sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko yaron ya ƙwalla ihu da an miƙe masa su, a kwance ɗaurin nan take, a tafi asibiti.

Kafin a isa, a ɗora hannun kan faffaɗan katako ko kwali, a naɗe da zane sako-sako yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashi. In ƙashi ya huda fata, kada a mayar da shi ciki, kada a zuba toka ko ƙasa. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In jini na zuba, a danne gefen raunin minti 10 ba ɗagawa. A asibiti a tabbatar an yi masa allurar tetanus da hoton ƙashi.