Tambaya da Amsa: Kiran da Mai Kati Ta Yi Mini, Shisshigi Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An haifi ɗana da ƙafafu biyu a lanƙwashe ciki, kuma yanzu ana sa masa siminti kowane mako a wata cibiyar gashin ƙashin yara mai nisa da garinmu. Makon jiya kuɗin mota ya gagare mu, ban kai shi ba, sai ma'aikaciyar da ke teburin kati ta kira ni a waya tana tambayar dalili. Maigidana ya ce shisshigi ne, tunda ita ba likita ba ce. Shin wannan yana cikin aikinta? Ya dace in faɗa mata halin da muke ciki?

Wata uwa daga Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi.

Kiran da ta yi miki yana cikin aikinta, kuma a ganina da ba ta kira ba ne za a ce ta yi sakaci. Dalilin yana cikin irin maganin da ake yi wa ɗanki, wato tsarin Ponseti, wanda Dakta Ignacio Ponseti ya ɓullo da shi a Jami'ar Iowa ta Amurka. Kowane mako ana miƙar da ƙafar kaɗan a ɗaure ta da sabon siminti, galibi sau 5 zuwa 8, sannan yawancin yara a yi musu ɗan ƙaramin aiki a jijiyar agara. Daga nan sai takalmi mai ƙarfe a tsakani, wanda yaro zai sa awa 23 a rana tsawon wata 3, sannan ya koma sa shi lokacin barci har ya kai shekara 4 ko 5. Magani ne da ke tafiya mataki bayan mataki, kuma jariri yana girma da sauri, saboda haka simintin da ya wuce ranar cirewa yana iya matse ƙafa ko ya zame.

Likitan gashin ƙashi yana ganin wanda aka kawo gabansa ne kawai. Wanda bai zo ba, mai riƙe da rajista ce kaɗai ke lura da guraben sunansa. Ita ce ke fito da fayil kafin ku iso, ta rubuta ranar dawowa a kati, ta kuma san ranar da asibitin irin wannan lalura ke zama. Idan kin gaya mata cewa daga nesa kuke tasowa, sau da yawa tana iya tsara muku lokacin da ya dace da motar garinku, ko ta haɗa muku ganin likita da awon takalmi a rana ɗaya don a rage muku zirga-zirga.

Batun kuɗi kuwa, ki faɗa mata ba tare da jin nauyi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen walwalar marasa lafiya da ke duba halin masu ƙaramin ƙarfi, kuma ta teburin kati ake nuna wa mutum ƙofarsa. Ki kuma tambaye ta yadda ake rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiharku, tunda dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta sanya yara 'yan ƙasa da shekara 5 cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Ba na yi miki alkawarin cewa komai zai zama kyauta, amma tambayar ba ta cin ko sisi. Idan abin da ke damun maigida shi ne kada sirrin gida ya fita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majiyyaci, kuma hakan ya shafi ma'aikatan ofis kamar yadda ya shafi likitoci.

Sai dai maigida yana da gaskiya ta fuska ɗaya: aikinta yana da iyaka. Ba ita ke cewa a cire siminti a gida ko a rage awannin takalmi ba. Idan kin ga yatsun yaron sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi, ko sun shige cikin simintin har ba a ganinsu, kada ki jira ranar da ke kan kati. Ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar, sannan ki kira ta don ta sanar da likitansa ta kuma ba ku sabuwar rana.