Ajiye sitefilar nan, ka ɗauko allura

Ka ce, "Maigida, littafin yara ne fa, shafi 32 kacal. Me zai hana mu danna masa sitefila, mu shafa gam, mu gyara gefensa da injin yanka, Hajiya ta zo ta karɓi abinta?" To jawo benci ka zauna.

Fara duba tsakiyarsa. Ka ga jan tabon nan guda biyu? Tsatsar tsohuwar sitefila ce. Laimar damina ta shiga ƙarfen, tsatsar ta cinye takardar da ke kewaye da shi, shi ya sa fallen tsakiya ya fita. In ka sake danna wata a wurin, ka mayar masa da ciwon da ya kawo shi shagon nan.

Shafi 32 ɗin da ka raina kuwa ba haka kawai ya zo ba. Babbar takarda ake bugawa a naɗe ta, ta ba da shafi 8 ko 16, don haka mafi yawan littattafan hoto na yara a 32 suke tsayawa. Wannan falle takwas ne aka ninke biyu, aka saka wani cikin wani. Inda aka ninke ɗin nan za mu bi mu ɗinka, huda biyar, da zaren auduga mai ƙarfi da aka murza a kakin zuma. Ka fara daga hudar tsakiya ta ciki, ka zaga, ka dawo nan ka ƙulle. Kada ka bi tsofaffin ramukan sitefilar, sun rube.

Na san hannunka ya saba da ɗinkin gefe, irin wanda muke yi wa kundin ɗaliban Jami'ar Bayero, a huda ta gefe a ɗaure tamau. Wancan babba ne zai karanta shi a kan tebur. Wannan kuwa a cinya ake karanta shi, yaro na zaune a jikin uwa, hannunta ɗaya na riƙe da shi, ɗayan na riƙe da littafin. Dole ya buɗe ya kwanta da kansa. Sannan dubi hoton nan, agwagwa da 'ya'yanta sun ratsa daga shafin hagu zuwa na dama. Ɗinkin gefe zai haɗiye biyu daga cikinsu, kuma wallahi yaro ɗan shekara biyu zai nemi inda suka shiga.

Haka zancen jerin shafuka. Babu lamba a jikinsu, don haka kafin ka warware komai, ka karanta shi da baki daga farko har ƙarshe. Turancinsa ba wuya. Baitoci ne gajeru masu amsa-amo, kuma wanda ya tsara su ya san aikinsa: layi na farko a wannan shafi, abokin amonsa sai an juya. Uwa ta ɗan tsaya, yaro ya yi wuf ya faɗi kalmar kafin ta buɗe. Daɗin littafin ke nan gaba ɗaya. Ka sauya wa falle ɗaya wuri, yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba shi zai kama ka, domin a ka ya riƙe shi. Mu ma ai haka muka tashi, waƙar reno da ta gaɗa da tatsuniya daga bakin kaka, sai dai mu ba mu cika sa su a takarda ba. Turawan Ingila tun 1744 suka buga tarin waƙoƙin renonsu a Landan. Mu a nan sai bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, da kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966, littattafan yara na Hausa suka yawaita, galibinsu kuma na koyon karatu ne a makaranta. Ni dai har yau ina ganin an bar mu a baya wajen na 'yan ƙanana masu rarrafe.

Hajiya ta ce da shi aka rene ta, ta reni 'ya'yanta, yanzu jika za a kai wa. Saboda haka injin yanka ba zai taɓa shi ba. Gefen nan da ya yi laushi, da shatin haƙori a kusurwar bango, da sunan da aka rubuta da fensir a ciki, duk ka bar su. Da sabo take so, da ta aika an sayo mata a Sabon Gari.

Inda ya yage, kada in ga salatif. Bayan 'yan shekaru gam ɗinsa ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar ta faɗi. Takarda siririya za ka yaga, ka shafa mata talgen fulawa kaɗan, ka liƙa ta baya. Laminatin ma haka, zafi ne, kuma in an yi babu kwancewa. Gam ɗin masu gyaran takalma kuwa ko kusa, littafin nan bakin yaro zai shiga.

Takardar ta yi ja ta bushe saboda da niƙaƙƙen itace aka yi ta, akwai tsami a jikinta da ke cin ta a hankali, ga iskar hunturu ta ƙara mata. Don haka kada ka ja zaren da ƙarfi, zai yanke ta. Ka sa tsirin akoko a bayan fallen waje ka ɗinka tare da shi, shi zai kama bangon. Tsohon bangon za mu liƙa a kan sabon kwali, ka rage kaifin kusurwoyin da almakashi.

In ta zo karɓa ka gaya mata kada ta ajiye shi a ƙasa ko jikin garu, gara da kyankyaso na son talge. Je ka wanke hannunka, akwai man injin a yatsunka, sannan ka miƙo min basilla.