Tambaya da Amsa: Wa Ke da Ikon Rufe Makaranta Idan Sanƙarau Ya Ɓulla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uba ne, kuma ina cikin kwamitin kula da makarantar firamaren garinmu a arewacin Jigawa. Tun da zafi ya kankama, a cikin mako guda yara biyu 'yan aji huɗu suka kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansu ya sanƙare, aka wuce da su asibiti. Iyaye sun taru a ƙofar dagaci suna neman a rufe makarantar, hedimasta kuma ya ce ba shi da hurumin yin haka sai umarni ya zo daga sama. Shin gaskiya ya faɗa, ko kuwa zillewa yake yi? Mene ne aikin hukumar ilimi a irin wannan hali? Daga wani uba a Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya, ya tsare sauran.

Hedimasta ya faɗi gaskiya. Makarantar firamare ta gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda Sakataren Ilimi ke shugabanta, shi kuma yana amsa umarni ne daga hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Su ma waɗannan ba sa rufe makaranta saboda cuta sai da shawarar ma'aikatan lafiya. Amma rashin ikon rufewa bai sauke masa nauyi ba, domin akwai abin da ke hannunsa wanda ya fi rufewar gaggawa, shi ne kai rahoto a ranar da abin ya faru, ba tare da jiran taron ƙarshen wata ba. Rahoton nan gida biyu yake zuwa: ofishin Sakataren Ilimi, da kuma asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, wanda zai sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Daga wannan jami'i labari ke kaiwa ma'aikatar lafiya ta jiha, har ya isa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja. Don haka tambayar da ya kamata kwamitinku ya yi wa hedimasta ita ce: an kai rahoto? Yaushe, kuma wa ya karɓa?

Dalilin gaggawar shi ne ma'aikatan lafiya da ƙidaya suke aiki. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yankin da mutanensa ba su kai dubu talatin ba, idan aka samu mutum biyu da ake zargin sanƙarau a mako guda, an kai matakin faɗakarwa, wanda ke wajabta bincike. Idan suka kai biyar a mako, ana ɗaukar abin a matsayin annoba. Ke nan yaranku biyu sun isa su sa a taso da jami'ai, a ɗebi ruwan ƙashin baya a gwada, a gane irin ƙwayar cutar, domin da wannan sakamako ne ake neman allurar rigakafin da ta dace. Yankinku ba baƙo ba ne ga wannan cuta. A farkon 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda ake zargin sun kamu, musamman ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar da ke kusa da iyakar Nijar, sannan a watan Maris na 2024 tana cikin jihohin da aka fara yi wa sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar.

Game da rufewar kanta, na fahimci fargabar iyaye, domin sanƙarau na iya kashe yaro cikin kwana guda, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tashi sukan rasa jinsu. Sai dai a ganina rufe makarantar jeka-ka-dawo ba ya ba da kariyar da ake zato. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa da ke yawo lafiyarsu lau, tana kuma yaɗuwa ta tari da atishawa da daɗewa a cunkoso. Yaron da aka sallama daga aji zai tafi Islamiyya da yamma, ya je kasuwa ranar da take ci, ya kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa an toshe taga saboda ƙura, ka ga an gudu ba a tsira ba. Wani abin kuma, muddin makaranta na buɗe, rajistar kiran suna tana nuna wanda bai zo ba, malami ya aika a duba shi; da zarar an rufe, wannan ido ya tafi, yaro na iya kwana biyu ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro daga kemis kafin a gane abin da ke damunsa.

Abin da hukumar ilimi mai sanin aikinta ke yi a makonnin farko bai fi ƙarfinku ba. Kowace safiya malamin aji ya dubi yaransa, wanda jikinsa ya yi zafi ko yake kukan ciwon kai ko yake kare idonsa daga haske, a kira iyayensa a nufi asibiti nan take, kada a ce ya je gida ya kwanta. Ajin da yara suka cika maƙil a raba shi, wasu su koma inuwar darbejiya, a buɗe tagogi, a daina shan ruwa da moɗa ɗaya a bakin randa. A ba jami'an lafiya rajista da sunayen waɗanda ke zama kusa da marasa lafiyar, a sa musu ido har kwana goma, domin cutar kan bayyana ne tsakanin kwana biyu zuwa goma bayan kamuwa. Idan aka zo rigakafi, makaranta ce wurin da ya fi sauƙin tara yara, amma wajibi ne a sanar da iyaye tukuna ta bakin dagaci da masu unguwanni da limamai. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, kuma duk allurar da aka yi wa yaro ba da sanin ubansa ba, tsohon zargin take tayarwa.

Akwai lokacin da rufewa ke zama daidai, misali idan masu kamuwa suna ƙaruwa a makarantar duk da waɗannan matakai, ko malamai da kansu sun kwanta. Wannan hukunci na jiha ne, kuma ya kamata ya zo da ranar komawa.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana makarantar kwana a Kano, na ji ana raɗe-raɗin mashaƙo. In je in ɗauko ta? Daga wata uwa a ƙauyen Kano.

AMSA: Hajiya, ki fara kiran shugabar makarantar ki ji ko likitoci sun tabbatar. Idan 'yarki ɗakin kwana ɗaya take da wadda ta kamu, ɗauko ta a ɓoye na iya kai cutar kan ƙannenta, ita kuma ta rasa maganin kariya da allurar da ake ba waɗanda suka yi mu'amala da mara lafiya. Ki nemo katin rigakafinta ki duba ko ta samu allurar Penta, mai ɗauke da rigakafin mashaƙo, sau uku tana jaririya, domin yawancin yaran da mashaƙo ya kama a Kano a 2023 ba su cika rigakafinsu ba. Idan aka sallamo ta, ki lura da ita kwana goma. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ko wahalar haɗiya, asibiti za ki kai ta a ranar, ki kuma gaya musu makarantar da ta fito.