Tambaya da Amsa: Anya marubucin nan bai yi min wayo ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jiya na gama wani littafin Turanci, mutum takwas ne suka je hutu wani gida can cikin ƙauye, ruwan sama ya yanke hanya ga babu sabis, da gari ya waye aka tsinci gawar ɗaya daga cikinsu. Ni dai mijin matar da aka kashe nake ta zargi har shafin ƙarshe, ashe wadda ta fi kowa kuka ita ta yi aika-aikar! Wallahi haushi ya kama ni. Wannan ba yaudara ba ce? Kuma me ya sa kullum sai a ƙauye?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙauyen da gangan ne. In a birni aka yi kisan ai kowa ma zai iya zama shi ne, amma da an killace mutum takwas, hanya ta yanke, 'yan sanda sun kasa zuwa, to mai laifin yana cikin waɗanda ake cin abinci tare da su, kuma ba mai iya guduwa. Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar irin waɗannan labarai 'yar Ingila, tun littafinta na farko a 1920 gidan ƙauye ta kai mu a Ingila, a 1939 kuma ta tara mutum goma a wani tsibiri. Marubutan yanzu sai sun fara kashe sabis tukuna, don kira ɗaya ya isa ya rusa musu labari.

Batun yaudara kuwa, akwai ma'auni. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu, ciki har da cewa dole a ambaci mai kisan tun farkon labari, ba aljani ba tsafi, ƙofar sirri kar ta wuce ɗaya, kuma kar a jefo tagwaye haka kawai ba shiri. Ba kowa ke bin su ba, amma ni da su nake auna littafi.

Don haka ki koma babi uku na farko ki bi mai kukan nan sannu a hankali, ina take lokacin da kowa ke falo, me ta faɗa wanda bai kamata a ce ta sani ba. In kin samu, to kayar da ke aka yi da gaskiya, sai haƙuri. In ba ko alama ɗaya, haushinki na kan hanya. Mijin kuwa dama tarko ne, wanda aka fi nuna miki da yatsa tun farko da wuya ya zama shi.